Libarba Mai Guntun Hanci a Kasuwar Amurka: Me Ke Sa Ta Tsada, Wa Ya Dace Ya Ɗauke Ta?

Ranar 24 ga Nuwamban 1963, kwana biyu bayan kisan Shugaba John Kennedy, 'yan sandan birnin Dallas suka fito da Lee Harvey Oswald, wanda ake zargi da kisan, za su mayar da shi gidan yari. 'Yan jarida sun cika ƙasan ginin ofishin 'yan sandan maƙil, talabijin na nuna komai kai tsaye. Sai wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya ratso taro, ya zaro ƙaramar bindiga daga aljihu, ya ɗirka wa Oswald harsashi ɗaya a ciki. Duk yawan 'yan sandan da ke wurin, babu wanda ya ankara cewa mutumin nan yana ɗauke da makami. Bindigar Colt Cobra ce, libarba mai guntun hanci. Ruby ya saye ta a 1960 kan dala 62 da santi 50. A 1991 aka yi gwanjonta, aka sallama a kan dala 220,000.

Wannan labari ɗaya ya ƙunshi tambayoyi biyu da ba sa rabuwa da irin wannan bindiga a Amurka. Ta farko ta kasuwa ce: idan ta sha hannu, me ke ɗaga kuɗinta, me ke karya shi? Ta biyu ta fi nauyi: shin ta dace mutum ya riƙa yawo da ita a ɓoye a jikinsa, kamar yadda doka ta yarje a can? Mutane da yawa suna ɗaukar tambayoyin a matsayin abu guda, suna zaton mai tsada ita ce mai amfani. Ni kuwa abin da nake gani shi ne, abin da ke sa tsohuwar libarba tsada daban, abin da ke sa ta dace da ɗauka daban, sau da yawa ma suna karo da juna.

Asalinta da kamanninta

Libarba bindigar hannu ce mai ganga a tsakiya, gangar na da ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Duk jan kunama ganga ta juya, ta kawo sabon harsashi daidai da bakin bututu. Wadda ake kira mai guntun hanci ita ce wadda bututunta bai wuce inci uku ba, yawanci ma inci biyu ne ko ƙasa da haka kaɗan, wato kimanin santimita biyar, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Kamfanin Colt ne ya fara fitar da ita da yawa a 1927, da samfurin Detective Special mai cin harsashi shida, don 'yan sandan farin kaya masu son makamin da zai ɓuya a ƙarƙashin kwat. A 1950 Smith & Wesson ya kawo tasa mai cin biyar, ya nuna ta a taron shugabannin 'yan sanda da aka yi a Colorado Springs, mahalarta suka zaɓa mata suna Chiefs Special. Daga 1957, da kamfanin ya koma sa wa bindigoginsa lamba, ta zama Model 36. A shekarar 1950 ɗin dai Colt ya fito da Cobra mai jikin alminiyon don rage nauyi. A 1952 Smith & Wesson ya kawo Centennial, wadda aka ɓoye gudumarta a cikin jiki don kada ta sarƙe tufa. A 1965 Model 60 ta kamfanin ta fito da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Ruger ya shigo da SP101 mai kauri a 1989, sannan LCR mai haɗin roba a 2009. Akwai kuma masu rangwamen kuɗi irin na Charter Arms da Taurus na Brazil. Galibinsu suna cin harsashin .38 Special, wanda ya haura shekara 120 a duniya.

Shekaru da dama wannan bindiga ita ce abokiyar tafiyar ɗan sandan Amurka, ko a matsayin makamin ajiya a idon sawu, ko ta ranar hutu. Abin ya fara sauyawa a shekarun 1980. Musayar wutar da aka yi a Miami ranar 11 ga Afrilun 1986, inda jami'an FBI biyu suka mutu, biyar suka ji rauni a hannun 'yan fashin banki biyu, ta sa hukumomi suka sake duba makamansu, aka yi ta komawa ga fistol mai cin harsashi da yawa. Libarbobi suka yi ta fitowa kasuwa daga hannun 'yan sanda, da magada da suka tsince su a aljihun teburin mahaifi. Shi ya sa har yau kasuwar ta hannu cike take da su.

Yadda ake yi mata kuɗi

Duk wanda ya taɓa ciniki ya san akwai kuɗin da mai kaya ya faɗa, akwai wanda aka taya, akwai wanda aka sallama. Haka abin yake a nan. Farashin da aka liƙa a shago ko a dandalin gwanjo na intanet irin GunBroker buri ne na mai sayarwa. Ma'aunin gaskiya shi ne nawa aka sallama irinta a 'yan watannin nan. Sai kuma farashi na uku, wanda mai shago zai ba ka idan kai ne ka kai masa, kullum yana ƙasa sosai, don shi ma sai ya ci riba. Masu harkar suna duba littafin Blue Book of Gun Values, wanda ke auna lafiyar bindiga da kaso cikin ɗari, gwargwadon abin da ya saura na asalin fatar jikinta. Tsakanin mai kashi 98 da mai kashi 80 akwai tazarar kuɗi mai yawa, ko da kuwa harbinsu ɗaya ne.

Masu saye iri biyu ne. Na farko mai tara kayan tarihi. Shi abin da yake nema shi ne asali: launin shuɗi-baƙi na masana'anta wanda ba a sake ba, ƙotar katako ta ainihi, kwalin da aka sayo ta a ciki da takardunta. A tsofaffin Smith & Wesson, akan buga lambar bindigar a bayan katakon ƙota, don haka mai sani zai kwance ya duba ko sun dace. Idan an sake wanke ta an yi mata sabon launi, kyan ido ya ƙaru amma daraja ta faɗi a wurinsa. Irin wannan mai saye har wasiƙa yakan nema daga ma'ajiyar tarihin Colt ko ta Smith & Wesson, a rubuta masa shekarar da bindigar ta bar masana'anta da inda aka aika ta. Bindigar Ruby ita ce ƙarshen wannan hanya: ƙarfenta bai fi na sauran dubban Cobra ba, labarinta aka saya.

Ƙananan bambance-bambance ma suna motsa farashi. Kafin 1982 Smith & Wesson na kafe bututu da ɗan ƙusa, kuma masu tarawa sun fi son na wancan zamani. A 2001 kamfanin ya fara sa makulli a gefen jikin libarbobinsa, bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin Clinton a 2000. Masu saye da yawa ba su so wannan makulli ba, shi ya sa wadda aka ƙera kafinsa takan fi samun tayi. Tsofaffin Colt kuwa sun yi tsada saboda an daina ƙera su tun shekarun 1990, duk da cewa kamfanin ya dawo da sunan Cobra a sabon ƙira a 2017.

Mai saye na biyu shi ne wanda zai ɗauka a jiki. Wannan bai damu da ƙujewar da kube ya yi wa bakin bututu ba, lafiyar ciki yake nema. Kuma akwai iyakar da ba zai wuce ba: idan samfurin da yake so har yanzu ana ƙera shi, kamar Model 642 ta Smith & Wesson ko LCR, kuɗin sabuwa shi ne rufin kuɗin ta hannu. Babu hikima a biya kusan kuɗin sabuwa a kan wadda ba a san wahalar da ta sha ba.

A gaban kanta

Ga yadda mai sani yake yi idan an miƙo masa ita a shago. Kafin komai, zai buɗe ganga ya leƙa kowane rami, ya tabbatar babu harsashi, ko da mai shago ya rantse masa cewa babu. Bakin bindigar kuma ba zai kalli kowa ba. Sai ya juya ta ya duba lambar da aka buga a jikinta. Idan an kankare ta ko an taɓa ta, ciniki ya mutu nan take, don riƙe irin wannan babban laifi ne a dokar tarayya.

Daga nan ya duba kawunan notuna. Idan sun tauye, alama ce wani wanda ba gwani ba ya taɓa buɗe cikinta da sukundireban da bai dace ba. Ya nemi izini ya cire ƙota, don a nan ne gumin jiki ke taruwa, kuma sau da yawa za a ga waje fes, ƙarƙashin katako kuwa tsatsa ta ci rami. Ya haska tocila cikin bututu ya ga ko zaren ciki na nan da kaifinsa, ko akwai kumburi. Idan mai jikin alminiyon ce, zai buɗe ganga ya ƙura ido a siririn wurin da ke ƙarƙashin gindin bututu, don nan ne yakan tsage. Tsagar da ba ta fi gashi kauri ba ta isa ta mayar da bindigar abin ajiye wa kallo.

Sai babban gwaji. Zai ja kunama a hankali, rami bayan rami, yana saurare. Dole ganga ta kulle, a ji ɗan ƙas, kafin guduma ta faɗi. Idan guduma ta riga ganga, to harsashi zai iya fita bai daidaita da bututu ba, ya aske gefe ya watso ɓarɓashi. Zai tura gangar gaba da baya ya ji ko tana wasa. Zai ɗaga ta saitin haske ya duba 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, wadda a mai lafiya ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. A nan sanin kamfani yana da amfani: tsohuwar Colt, idan an riƙe kunama a baya, gangarta kan kafe ƙam, ita kuwa Smith & Wesson ɗan motsi kaɗan ba aibi ba ne a gare ta. Wanda bai san wannan ba zai ƙi mai lafiya, ya rungumi mai ciwo.

Duk aibin da aka gano sai a cire kuɗin gyaransa daga farashi. Tsofaffin Colt a nan suke ba da wahala, don kayan gyaransu sun yi ƙaranci, maƙeran da suka iya daidaita cikinsu kuma sun ragu. Araha ba ta ado, kuma a harkar makami arahar da ta zo da ciwo tana iya cin yatsa ko ido.

Daɗin ɗauka, wuyar harbi

Abin da ya sa har yau ake sonta a fili yake. Ba ta da nauyi: Model 36 ta ƙarfe kimanin giram 550 ce, 642 ta alminiyon kimanin giram 420, LCR ba ta kai 400 ba. Jikinta a zagaye yake, ba ta nuna siffar bindiga a ƙarƙashin riga. Aikinta ba shi da sarƙaƙiya, babu abin zugewa, babu maɓallin da za a manta. Idan harsashi ya ƙi tashi, sake jan kunama zai kawo na gaba. Tana jure zama shekara da shekaru a ajiye, tana jure ƙurar aljihu. Nauyin kunamarta, wanda yakan kai kilo biyar ko fiye, yana rage haɗarin tashi ba da niyya ba.

To amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk abin da ya sa ta daɗin ɗauka shi ne ya sa ta wuyar harbi. Ka ja kunamar kilo biyar a kan bindigar da ba ta kai rabin kilo ba, dole hannu ya karkata sai an sha horo. Tazarar saitin gaba da na baya gajeriya ce, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a hannu sai ya zama taku guda a inda harsashi zai sauka. Ƙotar ƙarama ce, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Rashin nauyi kuma yana sa ta shuri tafin hannu da zafi, musamman masu cin .357 Magnum, inda guntun bututu ke barin albarushi da yawa ya ƙone a waje, ya zama ƙara da walƙiya. Wanda hannunsa ya yi tsami bayan harsashi goma ba zai so komawa filin atisaye ba, wanda ba ya atisaye kuwa ba zai iya da ita ba ranar da ido ya raina fata. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba yadda ake yawan miƙa wa sabon shiga, ko mace, ko tsoho irin wannan bindiga da sunan ita ce mai sauƙi. Sauƙin fahimta gare ta, amma sarrafa ta aikin gwani ne. Tsohon da amosanin gaɓɓai ya kama wa yatsu zai iya kasa jan kunamar ma gaba ɗaya.

Ga kuma ƙarancin harsashi. Galibi biyar ne, sake cikawa kuma yana cin lokaci. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fito da P365, fistol mai cin harsashi 10, wadda girmanta bai fi na libarbar ba, ta ma fi ta sirantaka. Tun daga nan hujjar cewa babu ƙaramar da ta kai libarba ta yi rauni. Masu kare ta suna cewa yawancin abin da ke samun farar hula a kusa yake faruwa, cikin daƙiƙoƙi, kuma bindigar da ke jikinka ta fi babbar da ka bari a gida. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta ƙara wa ganga rami na shida ba.

A nan ne tambayoyin nan biyu suke rabuwa sarai. Detective Special ta shekarun 1950 da ke cikin kwalinta tana da tsada, amma wata shida a ƙugu, gumi da gogar kube za su cinye abin da ya sa ta tsada. Tsofaffin masu jikin alminiyon ba a ƙera su don harsashin zamani mai ƙarin ƙarfi ba, wanda ake yi wa alamar +P. Idan kuma aka yi harbi da ita, ko da na kare kai ne, 'yan sanda za su karɓe ta a matsayin shaida, ta daɗe a ma'ajiyarsu. Wadda ta dace da ɗauka ita ce ta kwanan nan, mai ɓoyayyiyar guduma, mai jure tsatsa, wadda ake samun kayan gyaranta, wadda maƙeri ya duba ya ce lafiya lau. Irin wannan kuwa ba ita ce mai tsada a kasuwa ba.

Doka da nauyin rai

Ɗaukar bindiga a ɓoye a Amurka ya dogara da jiha. A 1987 Florida ta yi dokar bai wa duk wanda ya cika sharuɗɗa lasisi, jihohi da dama suka bi sahu. Illinois ce ta ƙarshe da ta buɗe ƙofa, a 2013. Ranar 23 ga Yunin 2022, Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda a ɗauka ba tare da lasisi ba. Duk da haka, abin da ya halatta a wannan jiha yana iya kai mutum kurkuku a maƙwabciyarta, kuma akwai wuraren da aka hana shiga da makami, kamar kotuna da gine-ginen gwamnatin tarayya. Saye a shago mai lasisi yana buƙatar shekara 21, da cike takarda, da binciken tarihin mai saye a tsarin da aka kafa a 1998 bisa dokar Brady. 'Yan uwanmu da ke can da bizar karatu ko ta ziyara su sani cewa dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma saɓa wannan na iya jawo ɗauri da kora.

Akwai lissafin da ba ya cikin littafin farashi. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu, 26,328, su ne suka kashe kansu. Ƙaramar libarba ta Charter Arms ce ta kashe mawaƙi John Lennon a New York a Disamban 1980. Ƙanƙantar da ke sa ta ɓuya wa ɗan fashi ita ce ke sa ta ɓuya wa mai gadi, ita ce kuma ke sa ta shiga tafin yaron da ya buɗe aljihun tebur. Wanda zai saye ta dole ya sa kuɗin akwati mai makulli, da kube mai rufe kunama, da horo, da harsashin atisaye a cikin kuɗinta. Ya kuma tambayi kansa tsakani da Allah ko yana da saurin fushi, ko akwai mai fama da ƙuncin rai a gidansa. Idan amsar e ce, to babu farashin da ya yi araha.

Mai karatu a Najeriya kada ya ɗauki wannan bayani ya ɗora a kan ƙasarsa. Kwanaki kaɗan bayan an yanke hukuncin Bruen, gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai daga 'yan bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin saɓawa ɗauri ne mai tsawo. Duk ƙaramar bindigar da wani ya kawo maka a ɓoye yana neman tayi, ba ka san jinin da ke kanta ba, kuma ranar da aka kama ta a hannunka kai ne za ka amsa.

Hukuncina shi ne, libarba mai guntun hanci ta hannu tana da daraja biyu, kuma wajibi ne mai saye ya san wadda yake biya. Idan tarihi yake so, ya biya kuɗin asali, ya shafa mata mai, ya kulle ta. Idan ɗauka yake so, a inda doka ta yarda, ya nemi mai lafiyar ciki, ya kai wa maƙeri, ya yarda cewa ya zaɓi makamin da ke neman atisaye fiye da kowane. Ta dace da mai haƙuri, mai horo, mai sanyin zuciya, wanda ya san cewa kauce wa fitina ya fi cin nasara a cikinta. Wanda bai da waɗannan, ya bar ta a kanta, ya riƙe kuɗinsa.